Bambancin "home" da "house" a Turanci

Ka tambaya ko kalmomin "home" da "house" ma'anarsu ɗaya ce, tun da duka biyun ana fassara su da gida. Ba ɗaya ba ce: "house" gini ne da ake iya saye ko sayarwa ko bayarwa haya, amma "home" wurin da mutum yake zaune ne kuma hankalinsa ya kwanta da shi, ko da ɗaki ɗaya ne na haya, kuma kalmar takan faɗaɗa har ta nufi garin haihuwa ko ƙasa baki ɗaya. Shi ya sa ake kiran ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya "Home Office".

Sai dai ka lura da sharaɗi guda wanda na ga yana yawan kayar da ɗalibaina idan ina duba rubutunsu. Idan ana maganar tafiya, ba a sa "to" kafin "home", don haka wanda zai je garinsu hutun Sallah zai ce "I am going home", amma wanda yake zaune a tsakar gidansu zai ce "I am at home".