Tambayoyin Fasaha: Sayar da jitar lantarki ta waya da maganar kaurin wuyanta

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan sayar da jitar lantarki ta hanyar waya, kuma zan fara da wadda ta fi damuna.

Tambaya: Malam, ina da jitar lantarki samfurin Squier Stratocaster da nake so in sayar, na sa hotunanta a Facebook da WhatsApp. Masu saye sun tambaye ni kaurin wuyanta, na ce musu yana da daɗin riƙewa, sai ɗaya ya zo ya riƙe ya ce ya yi masa kauri, ya fasa. Na sauke manhajar awo a wayata, amma duk lokacin da na gwada lamba daban take ba ni. Abokina ya ce in kai wa kafinta ya goge bayan wuyan ya rage shi. Me ka gani? Daga wani mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, kafin mu je ko'ina, ka ajiye shawarar abokin nan naka, kada ka bari sanfefa ta taɓa bayan wuyan jitar. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da aka binne tun daga kai har gindi, ita ce ke tare jan tsirkiyoyi shida, wanda ƙarfinsa ya kai kimanin nauyin kilo 40, kuma katakon da ke tsakanin ramin sandar da tafin hannunka ba shi da yawa. Idan kafinta ya ci shi, wuyan na iya tsagewa ko ya lanƙwashe, sannan ya riga ya kankare fentin da ke tsare katakon daga laimar damina da bushewar hunturu. Duk mai sayen da ya san jita, da ya ga wurin da aka goge zai karya farashi, kuma yana da gaskiya, domin katakon da aka rage ba ya dawowa.

Abin da ke ba ni takaici shi ne maganar nan da ka faɗa wa masu saye, wai yana da daɗin riƙewa. Ina ganinta a tallar jita sau da yawa, kuma ba ta gaya wa kowa komai. Daɗin a hannun wa? Wuyan jita kamar ƙotar fartanya yake: wadda ta cika hannun wani manomi ya yini yana aiki da ita, ita ce za ta gajiyar da wani kafin hantsi. Mai dogayen yatsu da ke naɗo babban yatsa ta saman wuyan yakan so mai kauri, saboda siriri yana sa tafin hannunsa ya ƙage, shi kuwa mai gudun yatsu da ke ajiye babban yatsa a tsakiyar baya yakan nemi siriri. Mutumin da ya zo ya fasa bai zalunce ka ba. Kai ne ka sa shi ya ƙona mai ya zo a kan bayanin da lamba biyu za su wadatar.

Masu ƙera jita sun daɗe da tsayar da yadda ake auna wannan abu. Ana auna kauri a wuri biyu, a gaɓa ta 1 kusa da kai da kuma gaɓa ta 12 (gaɓoɓi su ne sassan da siraran ƙarafan da aka jera a fuskar wuyan suka raba, ana ƙirga su daga kai), daga fuskar da yatsu ke dannawa zuwa bayan wuyan. Wuyan jitar kamfanin Fender na zamani yana kusan milimita 21 a gaɓa ta 1, ya kai kusan 22 a ta 12. Wuyan Wizard da kamfanin Ibanez ya fito da shi a jitocin RG a 1987 milimita 17 ne a ta 1, 20 a ta 12, shi ya sa ya yi suna wajen siranta. Wuyan jitar Les Paul ta kamfanin Gibson irin na shekarun 1950 kuwa yakan kai kusan 25 a gaɓa ta 12. Ka ga duk tazarar da ke tsakanin siriri da kakkaura 'yan milimitoci ne, kuma hannun da ya saba yana jin bambancin milimita ɗaya.

Wannan shi ne dalilin da ya sa manhajar wayarka ba za ta taɓa yi maka aikin ba. Irin waɗannan manhajoji suna ƙiyasta nisa ne daga abin da kyamara ta gani da motsin hannunka, kuma an yi su ne domin faɗin ɗaki ko tsawon tebur, inda kuskuren santimita ɗaya ba ya ɓata komai. A wuyan jita kuskuren santimita ɗaya ya kai rabin kaurin gaba ɗaya. Ina mamakin yadda mutane ke gaskata duk lambar da ta bayyana a allon waya don kawai waya ce ta nuna. Ka goge manhajar, ka je garejin kanikawa ko wurin masu aikin injin ƙarfe ka aro ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da suke auna kaurin ƙarfe da shi, wanda suke kira baniya kalifa. Ka sassauta tsirkiyoyin, ka zura muƙamuƙi ɗaya a ƙarƙashinsu, ka ɗora shi a kan katako kusa da ƙarfen gaɓar, kada ka hau kan ƙarfen, kuma ka liƙa ɗan salatif a bakin ma'aunin don kada ya karce fenti. Ka ɗauki hoton ma'aunin yana riƙe da wuyan, lambar tana fitowa sarai. Ka ƙara da faɗin wuyan a wurin da tsirkiyoyi ke hawa kusa da kai, wanda a yawancin jitoci yake tsakanin milimita 41 da 43.

Kauri kaɗai bai gama bayani ba, domin wuya biyu na iya zama milimita 21 amma su sha bamban a hannu. Siffar bayan ce ke raba su, kuma ana kwatanta ta da haruffa: C mai zagaye a hankali, D mai shimfiɗaɗɗen baya, U mai cikakkun kafaɗu, V mai tudu a tsakiya. Kafaɗun nan su ne sau da yawa ke sa mutum ya ce wuya ya cika masa hannu. Dabarar da nake so, kuma nake ba kowa, ita ce ka samu wayar dalma irin ta masu gyaran rediyo, ka lanƙwasa ta a bayan wuyan daga gefe zuwa gefe, ka cire a hankali ka ɗora a farar takarda kusa da rula, ka ɗauki hoto daga sama. Mai saye a Illela ko Birnin Ƙonni zai ga siffar wuyan ba tare da ya hau mota ba.

Kada kuma ka kwafo lambobi daga shafin kamfani ka liƙa a tallarka. Squier ya yi wuya iri-iri a masana'antu daban-daban, kuma akwai jitoci a kasuwa masu ɗauke da sunan manyan kamfanoni alhali kwaikwayo ne. Taka za ka auna.

Akwai abu ɗaya da ya shafe mu a nan Sakkwato musamman. Iskar hunturu tana busar da katako har ya ɗan tsuke, ƙarafan gaɓoɓi kuwa ba sa tsukewa, sai bakunansu su leƙo ta gefen wuyan suna karce yatsu. Zafin bazara da ke haura digiri 40 shi ma yana motsa wuyan, tsirkiyoyi su yi nisa da katako. Idan tazarar babbar tsirkiya daga ƙarfen gaɓa ta 12 ta wuce milimita 2 da yawa, dannawa za ta yi wuya, kuma mai gwadawa zai ɗora laifin a kan kauri. Mai yiwuwa abin da ya kori mai sayenka ke nan. Ka shafa hannu a gefen wuyan, ka auna tazarar, idan ta yi yawa ka kai wa mai gyaran jita ya daidaita sandar ciki kafin ka sake sa talla.

Tambaya: Hotunan jitata suna fita tas a wayata, amma idan na tura ta WhatsApp sai su dushe, kuma kan jitar yana fitowa ƙato. Daga wata mai karatu a Arkilla.

Amsa: 'Yar'uwa, WhatsApp yana matse hoto. Ki danna alamar HD kafin ki tura, ko ki tura shi a matsayin fayil. Girman kan kuwa kusantowa ce ta jawo, domin kyamarar waya tana kumbura abin da ke dab da ita. Ki ja baya, ki zuƙo hoton ninki biyu, ki ɗauka a inuwa da rana, kuma ki goge idon kyamarar, wanda na tabbata ƙurar hunturu ta rufe.

Tambaya: Mai saye ya ce in turo masa sautin jitar. Na naɗa da waya kusa da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti, sai wani gurnani ya cika sautin. Jitar ce ta lalace? Daga wani ɗalibi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Amsa: Ƙanena, da wuya a ce ta lalace. Maganaɗisun ɗaukar sauti da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, mai naɗin waya ɗaya, irin na Stratocaster, yana kwaso gurnanin wutar lantarki, wadda a ƙasar nan ke bugawa sau 50 a daƙiƙa. Don maganin wannan ne Gibson ya fara sa mai naɗi biyu a Les Paul a 1957. Ka nisanci janareto da inbata da cajar kwamfuta, ka juya jikinka a hankali har ka sami fuskar da gurnanin ya ragu, ka kuma gwada maɓallin da ke jikin jitar na zaɓar maganaɗisun da zai ɗauki sauti a matsayi na 2 ko na 4, inda yawancin irin waɗannan jitoci ke yin shiru. Idan gurnanin yana raguwa da zarar ka taɓa tsirkiya, hakan al'ada ce. Ka ajiye wayar kamar taku biyu daga lasifika, ka yi bidiyo maimakon saƙon murya, ka danna kowace gaɓa daga ta 1 har ta ƙarshe domin mai saye ya ji babu inda tsirkiya ke gugar ƙarfe.

Tambaya: Wani ya turo mini hoton shaidar biya, ya ce in ba direba jitar a tasha. Daga wani mai karatu a Runjin Sambo.

Amsa: Malam, hoto ba kuɗi ba ne, saƙon tes ma ana ƙirƙirarsa. Ka buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna a asusunka. Idan sun shiga, ka ɗan sassauta tsirkiyoyin, ka naɗe kan jitar da tsumma, ka sa ta a kwali, ka roƙi direba ya ajiye ta a cikin mota, kada a ɗaure ta a sama cikin rana.