Hukuncin kafa ƙungiyar wasan labari na kan tebur mai kumbo da matsafa

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Mu wasu abokai ne da muka daɗe muna yin wani wasa na kan tebur mai suna Starfinder. Mutum ɗaya ne yake zama jagora, yana ba da labarin wata ƙagaggiyar duniya a sararin samaniya, sauranmu kowa ya riƙi jarumi guda yana faɗin abin da jaruminsa zai aikata, sai a jefa ƙwaya mai fuska ashirin a ga ko abin ya yiwu. A cikin labarin akwai kumbo da halittun wasu duniyoyi, akwai kuma matsafa da allolin ƙarya. Yanzu muna shirin buɗe shi ga jama'a: zama duk mako, rajistar 'yan wasa, kuɗin shiga don hayar ɗaki, da kyauta ga wanda ya fi ƙwazo a ƙarshen zango. Wasu daga cikinmu kuma suna so mu shiga tsarin kamfanin da ya yi wasan, a riƙa lissafa sakamakonmu tare da na sauran ƙasashe. Ni aka ɗora wa shugabanci. Shin ya halatta?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, ka kyauta da ka yi tambaya kafin ka buɗe ƙofa, domin hukuncin mai shirya wa jama'a abu ya fi na mai yinsa shi kaɗai nauyi. Malamai suna cewa hukunci a kan abu reshe ne na fahimtar yadda abin yake, don haka bari a fara da siffar wasan. Irinsa ya samo asali ne daga Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Shi kuma Starfinder kamfanin Paizo ne ya fitar da shi a watan Agustan 2017, tare da tsarinsa na wasan haɗin gwiwa mai suna Starfinder Society. A wannan tsari kamfanin ne yake rubuta labaran da za a buga, ɗan wasa ya yi rajistar jaruminsa, bayan kowane zama a ba shi takardar shaidar abin da ya samu, ya iya ɗaukar jarumin nan ya zauna da shi a kowane tebur a duniya. Abin da ya sa hakan yake yiwuwa shi ne an ɗaure jagora da ƙa'ida: zai gudanar da labarin da dokokinsa yadda aka rubuto su, ba zai sauya su yadda ya ga dama ba.

Asalin wasa da nishaɗi halas ne. Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, shi da kansa ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa. Ƙagaggen labarin da kowa ya san ƙage ne kuma ba ya cikin ƙaryar da aka hana, domin ƙarya ita ce ka sa mutum ya gaskata abin da ba haka yake ba. Malamai sun karanta Maƙamatul Hariri, wadda tarin ƙagaggun labarai ce, sun karantar da ita ƙarni bayan ƙarni. Kumbo da halittun wasu duniyoyi ba su da wata matsala a nan, ba sai na tsaya a kansu ba.

Inda magana take da tsawo shi ne ƙwayar da kuke jefawa. Muslim ya ruwaito daga Buraida cewa wanda ya yi wasa da nardashir, wato nardi, kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa daga Abu Musal Ash'ari cewa wanda ya yi wasa da nardi ya saɓa wa Allah da Manzonsa. A nan Muwaɗɗa ɗin aka kawo cewa Nana A'isha ta sami labarin wasu mazauna gidanta suna da nardi, ta aika musu ko su fitar da shi ko ta fitar da su, kuma Abdullahi ɗan Umar idan ya sami wani cikin iyalinsa yana yi sai ya buge shi ya karya abin wasan. Nardi wasa ne na mutum biyu a kan allo, ƙwaya biyu masu ɗigo-ɗigo irin na lido su ne suke hukunta tafiyar kowa. Jumhurun malamai sun haramta shi ko ba a sa kuɗi ba. An dai ruwaito sassauci daga Sa'idu ɗan Musayyib idan babu caca, amma hadisan ba su ambaci kuɗi ba, shi ya sa akasarin malamai ba su bi wannan ba.

To shin wasanku nardi ne? Ba shi ba ne, sai dai a yi ƙiyasi, ƙiyasi kuwa yana bin dalilin hani. Wasu malamai suna ganin ƙwayar ce kanta abin hani, duk wasan da ta shiga ya haramta, kuma da yawa daga malaman wannan zamani da haka suke ba da fatawa a kan lido da makamantansa. Wasu kuma, musamman Shafi'awa irin su Rafi'i da Ibn Hajar Haitami, sun kafa ma'auni: wasan da madogararsa sa'a ce da kirdado hukuncinsa na nardi ne, wanda madogararsa tunani ce da lissafi hukuncinsa na shaɗaranji ne, wato darar nan mai sarki da doki, wadda a wurin Shafi'i makaruhi ce ba haramun ba. Idan aka ɗora wasanku a kan wannan ma'auni, ni a ganina ya fi karkata ga tunani. Galibin zaman magana ce da shawara da tsara dabara, 'yan wasan kuma ɓangare ɗaya suke, babu wanda yake cinye ɗan'uwansa, har ma dokar tsarin kamfanin ta hana jarumi ya yaƙi jarumin abokin zamansa. Gaba da ƙiyayyar da Allah ya ambata a aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ba su da ƙofa mai faɗi a nan. Na ji masu cewa ai ƙwayar kamar ƙuri'a ce, Annabi kuma yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya. Wannan hujja ba ta cika ba, domin ƙuri'a ta shari'a don raba haƙƙi ce tsakanin waɗanda suka yi daidai a cancanta, ba don wasa ba.

Saboda haka ba zan yi gaggawar kiran wasanku haramun kamar nardi ba, ba kuma zan ce muku ƙwayar ba komai ba, alhali hadisi ingantacce yana gabanmu. Mafita mai sauƙi ce. Ku yanka takardu ashirin ku rubuta lamba 1 zuwa 20, a cakuɗa a zaro, haka ma sauran ƙwayoyin masu fuska huɗu, shida, takwas, goma da sha biyu. Lissafin wasan bai canza ba matuƙar ana mayar da takardar da aka zaro kafin a sake. Wanda yake ganin ƙwayar ce dalilin hani, kun fita daga maganarsa. Wanda yake ganin rinjayen sa'a ne dalili, siffar wasan ta amsa masa. Kada wani ya ce wannan dabara ce ta kauce wa shari'a, domin dabarar da aka zarga ita ce a riƙe haramun a sauya masa suna, ku kuwa barin abin shakka kuka yi. Manhajar waya da take nuna hoton ƙwaya tana juyawa ban so ta ba, don masu ra'ayin farko da yawa ba sa bambanta ta da ta hannu.

Akwai kuma abin da ya kamata mai bin mazhabar Malik ya sani, kada in ɓoye maka. Malik ya ce babu alheri a shaɗaranji, Ibn Abi Zaid kuma ya ce a Risala wasa da nardi da shaɗaranji bai halatta ba. Amma Ibn Abdil Barr, da ya tace mazhabar, ya ce wanda ya yi shaɗaranji ba da caca ba, tare da iyalinsa a cikin gida, a asirce, sau ɗaya a wata ko a shekara, an yi masa rangwame. Khalil kuma a babin shaida ya sa wasa da nardi cikin abin da yake zubar da adalci, amma a shaɗaranji dawwama a kansa ya ambata. Ka ga abubuwa biyu da malamanmu suka sa wa ido: bayyanawa da dawwama. Su ne kuwa daidai abin da kuke shirin ƙarawa, zama duk mako a bainar jama'a. Ban ce wannan ya haramta shirin ba, domin wasanku ba shaɗaranji ba ne kuma yana da amfanin da za a iya nunawa, na koyon magana da lissafi da aiki tare. Amma ya sa dole ka tsaurara a kan lokaci. Zama ɗaya yakan ci awa huɗu zuwa biyar, da wuya a yi shi bai haɗu da lokacin salla ba. A rubuta cikin dokar ƙungiya cewa ana kiran salla ana tashi, ko da ana tsakiyar yaƙin kumbo ne. A guji mayar da shi hirar dare, don Annabi ya kasance yana ƙin hira bayan Isha'i, kuma wanda ya raba dare a tebur Asuba ce take biyan bashin. Sau biyu a wata ya fi mini duk mako.

Batun matsafa da alloli kuwa, a rarrabe. Ɗan wasan da ya ce jaruminsa ya harba wuta daga tafin hannunsa bai yi sihiri ba. Sihirin da ya zo a aya ta 102 ta Suratul Baƙara, wanda Annabi ya lissafa cikin abubuwa bakwai masu halakarwa, aiki ne na haƙiƙa da ake nema ta hanyar shaiɗanu, a nan kuwa lamba ce a takarda. Duk da haka ban so a riƙa ƙawata wa yara sunan matsafi har ya zama abin sha'awa, kuma tunda rabin duniyar wasan kimiyya ce, ba wuya a mayar da waɗannan baiwa aikin na'ura.

Alloli sun fi wannan haɗari. Mai hakaito kafirci ba kafiri ba ne, Alƙur'ani ma ya hakaito maganar Fir'auna. Idan jagora ya ce mutanen wata duniya suna bautar wani abu, labari ya bayar. Amma wannan wasa da bakin mutum ake yinsa, ɗan wasa "ni" yake cewa. Musulmi ya buɗe baki ya ce "ni bawan allahiya wance ne, ina roƙon ta ta cece mu", wannan ba na halatta shi, ko da wasa ne. Waɗanda aka saukar da aya ta 65 da 66 ta Suratut Tauba a kansu uzurin da suka kawo ke nan, cewa hira da wasa kawai suke yi, ba a karɓa ba. Ban ce hukuncin ɗan wasanku ɗaya da nasu ba, su izgili suka yi shi kuwa bai nufi haka ba, amma ayar ta isa ta nuna cewa harshe ba ya samun 'yanci a wannan babi don an ce wasa ne. Kuma a duniyar Starfinder allolin nan ba camfin wasu mutane ba ne kawai, labarin ya ɗauke su masu iko na gaske. Hatta hanyar da kumbo yake bi ya ratsa tsakanin taurari, a ƙagen nasu wani abin bauta ne mai suna Triune ya ba halittu ita.

A nan ne nake ba ka shawarar kada ku shiga tsarin kamfanin. A teburinku kai ne mai iko: ka cire alloli, ka sa takardu a madadin ƙwaya, ka rubuta labarin da ka yarda da shi. A ƙarƙashin tsarinsu labari rubutacce zai zo maka, baƙo zai zo da ƙwayoyinsa da jaruminsa mai bautar abin da ya zaɓa, dokar da ka sa hannu a kanta ta ba shi wannan dama, kai kuma ka zama mai masaukin abin da ba ka iya gyarawa. In kuma ka shiga ka riƙa sauya dokokin a ɓoye kana aika musu sakamako kamar ka bi, ka saɓa alkawari, Musulmi kuwa suna kan sharuɗɗansu. Ku kafa naku tsarin, da rajistarku da takardun shaidarku. Sayen littattafan dokokin don a ɗauki lissafinsu babu laifi. Mutum ɗaya da ya tsinci kansa a teburin kamfanin, ya zaɓi jarumin da ba ya bautar kowa, ya kame bakinsa, lamarinsa ya fi na mai shiryawa sauƙi, sai dai maganar ƙwaya tana nan a kansa.

Kuɗin shiga idan na hayar ɗaki ne da takardu, karo-karo ne na halas, a faɗa wa mutane abin da aka kashe. Amma a tara kuɗin 'yan wasa a ba wanda ya yi fice, wannan caca ce tsantsa, kowa ya sa nasa yana tsakanin ci da asara. Ko da wani ne daga waje ya kawo kyautar, hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya taƙaita ladan gasa ga harbi da tseren raƙuma da dawaki. Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun faɗaɗa shi zuwa gasar ilimin da yake ƙarfafa addini, wasanku bai kai nan ba. A bar kyautar. Dukiya da muƙamin da jarumi yake samu a cikin labari ba dukiya ba ce a shari'a, sai ranar da aka fara sayar da su da kuɗin gaske, ranar nan hukunci ya canza.

'Yan mutum-mutumin da ake jerawa a kan taswira, in cikakkiyar surar mai rai ce mai inuwa, Malikawa sun haramta ta. Hoton da aka buga a kwali ya fi sauƙi, maɓalli mai launi ko ɗan katako mai lamba ya fi duka. Idan mata suna so su yi, a ware musu teburinsu da jagorarsu, domin zaman awa huɗu ana raha fuska da fuska ba ƙaramin cuɗanya ba ne. Yaran da ba su balaga ba kuma kada a yi musu rajista sai da sanin iyayensu.

Wallahu a'alam.