Ko Zan Iya Fitar da Aya da Gyaɗa Turai da Sunan Oganik?

Wani ɗan kasuwa a Dawanau ya tambaya cewa yana sarin aya da gyaɗa, ya kuma ji ana biyan kuɗi mai tsoka a Turai kan kayan oganik, wato waɗanda aka noma ba takin zamani ba feshi. Ta ina zai fara?

Alhaji, kasuwar tana nan, musamman ta aya, domin a yankin Balensiya na ƙasar Sifen ana yin wani abin sha mai kama da kunun aya, kuma kamfanonin Turai suna sayen aya daga Nijar da Najeriya da Burkina Faso. Sai dai ƙarin kuɗin da ka ji, takardar shaida ce take jawo shi. Buhun da ka saya a kasuwa, ko da manominsa bai taɓa zuba taki ba, ba zai shiga da sunan oganik ba matuƙar ba a san gonar da ya fito ba.

Saboda haka aikinka zai fara ne daga gona. Ka haɗa manoman aya a ƙungiya guda, a rubuta sunan kowa da gonarsa, sannan ka gayyato kamfanin tantancewa irin su Ecocert ko Control Union. Dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2022 ta tanadi shekara 2 na sauyi, wato na noma ba takin zamani ba feshi, ga amfanin da ake shukawa kowace damina kafin a amince da shi, don haka kada ka ci bashi mai gajeren wa'adi a kan wannan harka.

Wurin da ya fi damuna shi ne sito. Ƙwayar maganin ƙwari da aka saba tusawa cikin buhu tana rushe shaidar gaba ɗaya, kuma ragowar wani maganin ƙwari mai suna dichlorvos ne ya sa Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015. Ita kuwa gyaɗa, gubar afulatoksin da danshi ke haifarwa ce matsalarta, domin Turai ba ta karɓar gyaɗar ci da gubar cikinta ta haura maikirogiram 4 a kilo. Shi ya sa nake ganin ka fara da aya tukuna.

Takardun gida ba su da wuya: rajistar hukumar yi wa kamfanoni rajista (CAC) da ta hukumar bunƙasa fitar da kaya waje (NEPC), fom ɗin fitar da kaya na NXP a bankinka, da shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar duba lafiyar kayan noma (NAQS). Masu saye kuma suna haɗuwa kowace Fabrairu a baje kolin kayan oganik na BIOFACH da ke Nuremberg a Jamus, amma kafin ka kashe kuɗin tafiya ka tura musu samfur tare da sakamakon gwajin ɗakin bincike.