Amsa ga Malam mai tambaya kan gilashin karatu

Malam, ka ce ka haura 40, rubutun waya da na Alƙur'ani sai ka nisanta shi kake gani, kana tambaya ko ka sayi gilashi a Babbar Kasuwa kawai. Wannan na shekaru ne: ƙwayar cikin ido tana taurara, gani na kusa ya ragu. Gilashin kasuwa yakan yi aiki, amma lambarsa ɗaya ce dama da hagu, idanuwa kuwa sau da yawa ba su daidaita ba.

Abin da ya sa nake cewa ka je a auna ka shi ne hawan jinin ido, cutar da yawanci ƙarfin ruwan cikin ido ke hauhawa har ya lalata jijiyar gani. Yawanci ba ya ciwo, daga gefe yake cinye gani, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanar ido da sauƙi, aiki ake yi a cire ta. Ka je sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato, ka ce a duba har ƙarfin ruwan idon, musamman in kana da ciwon suga ko wani a gida ya makance.

Ƙaiƙayin ƙurar hunturu kuma, don Allah kada ka ɗiga maganin kemis mai sinadarin da ake kira sitiroyid ba da izinin likita ba.