Farar kumfa a kan ruwan Lagdo

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa wata rana tafkin Lagdo, nan arewacin Kamaru, ke yin fari fat da kumfa, wata rana kuma ga iska tana kaɗawa amma kumfar ba ta taka kara ta karya ba.

Kumfar nan taguwar ruwa ce da ta karye. Idan tsayinta ya kai wajen kashi ɗaya cikin bakwai na tazarar da ke tsakaninta da ta bayanta, sai kanta ya kife, ya haɗiye iska, ya yi fari. Tana fara bayyana jefi-jefi idan iska ta kai kilomita 12 zuwa 19 a awa. Daga 30 kuwa, ko'ina ka duba ita ce. Ƙaruwarta ma ba daidai take da ta iska ba: iska ta ninka biyu, kumfa ta ninka wajen goma.

To amma iska na bukatar fili da lokaci. A hunturu daga arewa maso gabas take tasowa, shi ya sa gaɓar wancan gefen ke kwance lumui, bayan tsibiri ma haka. Can kudu maso yamma, inda ta gama ratsa tafki, nan taguwa ke girma. Yara da yawa nan suke ruɗuwa: su ga bakin gaɓa shiru, su tura jirgi, sai a tsakiya ido ya raina fata. Inda ruwa ke gudu gaba da gaba da iska, ko inda ba zurfi, taguwa takan gajarce ta miƙe tsaye, ta karye da wuri.

Ka riƙe wannan kuma. A teku, kamar a Kribi da ke kudancin Kamaru, gishiri na hana ƙwayoyin kumfa haɗewa, sai ta jima a sama. Ruwanmu ba gishiri, nan take take fashewa. Don haka 'yar kumfa a nan ba ƙaramar iska take nunawa ba.

Idan irin wannan taguwa ta riske ka a jirgi, rage wutar inji, amma kada ka kashe, don jirgin da ba ya tafiya ba ya jin tuƙi. Ka fuskanci taguwa da goshin jirgi a ɗan karkace, kada ka ba ta haƙarƙari, nan kifewa take. Kaya su sauka ƙasa a tsakiya, kowa ya zauna, mutum ɗaya na kwalfe ruwa. Jiƙaƙƙiyar koma nauyi gare ta, kada ka tara ta a goshi, jirgi zai riƙa dulmiya kai cikin kowace taguwa.