Tsohuwar PlayStation 2 ta fito daga akwati, ga Sallah ta matso

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake rubuto maka. Muna kwashe kayan ɗakin Hajiyarmu sai na ci karo da na'urar wasan gem ta PlayStation 2 da yayana ya aiko mana daga Amurka tun muna yara. Ina so in tashe ta ranar Sallah, 'ya'yana su ga abin da ke hana mu zama cin tuwon Sallah. Za ta yi aiki da talabijin na zamani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ajiye maganar talabijin tukuna, kada ka kuskura ka soka ta a wuta kafin ka juya bayanta ka karanta rubutun da ke jiki. Wutar Amurka 120V ce, tamu a Kamaru 220V. PlayStation 2 mai kaurin nan da kamfanin Sony ya fitar a 2000, kayan wutarta a ciki suke, kuma wadda aka yi wa kasuwar Amurka 120V kaɗai take ɗauka. Ka jona ta kai tsaye, ƙauri za ka ji. Nemi taransifoma mai rage wuta. Siririyar da ta fito a 2004 kuwa cajarta a waje take, yawanci an rubuta 100-240V, ita ba ruwanta.

Wayarta mai kai uku ce, rawaya da fari da ja. In talabijin ɗinka ba shi da waɗannan ramuka, sayi ɗan akwatin da ke mai da AV (wato wannan waya mai kai uku) zuwa HDMI, ramin da talabijin na zamani ke da shi. Hoton zai fito dishi-dishi, domin an yi wasannin ne don talabijin mai ƙusumbi. In kuma ta ƙi karanta faifai, wataƙila ƙurar hunturun shekaru ce ta rufe idonta mai karanta faifan: auduga da ɗigon sifirit, a goge a hankali. Faifan Turai ba zai taka a na'urar Amurka ba sai in an taɓa yi mata aikin cif, wato an ƙara mata ɗan cif da ke sa ta karɓi faifan ko'ina.

Shawarata, in akwai wasan ƙwallon ƙafa na PES 6 a cikin faifan, da shi za ka fara. Amma ka kafa wa yaran dokar da ake kafawa a shagunan gem na wancan zamani, lokacin da kuɗin barka da Sallah ke ƙarewa kafin la'asar: ba mai ɗaukar ƙungiyar Inter Milan. Ƙafar hagun ɗan wasanta Adriano ta raba abokai da yawa.

Tambaya: Malam, daga Njamena. Wani ya turo min fayil ta Telegram wai PES na waya kyauta. In sa?

Amsa: A'a. In PES na PSP (ƙaramar PlayStation ta hannu) kake nema, manhajar da ke tada wasannin PSP a waya ita ce PPSSPP, kyauta take a Play Store tun tuni, can za ka ɗauko ta. Fayil ɗin APK (wato fayil mai saka manhaja a waya) da ba a san asalinsa ba, musamman in ya nemi izinin karanta saƙonninka, lambobin Airtel Money ko Moov Money ɗinka yake hari. Wasan ƙwallo ba shi da haɗi da SMS. Kuma da zafin Afrilu kada ka buga wasa wayar na kan caji, batir zai iya kumbura.

Tambaya: Bindigar harbin agwagi ta tsohuwar Nintendo ɗina ba ta kashe komai a sabon talabijin. Ta lalace ne?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. In ka ja kunama, allon yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sannan farin murabba'i ya bayyana a wurin agwagwar, idon da ke bakin bindigar ya gan shi. Talabijin mai faɗi yana ɗan jinkirta hoto kafin ya nuna, sai bindigar ta duba ba ta ga komai ba. Nemi tsohon mai ƙusumbi wajen masu gyara.