Ciwon damuwa cuta ce, ba raunin imani ba

'Yar'uwa, kin tambaya ko ciwon damuwar ƙanwarki cuta ce ko ita ce ta sa wa ranta. Wallahi cuta ce. A shekarar 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 280 ke fama da ita a duniya. Baƙin ciki yakan wuce, wannan kuwa sai ya haura mako biyu, barci ya gagara, tuwo ya huce a gabanta ba ta taɓa ba, wanka ma ya zame mata aiki. Masu cewa rashin tawakkali ne suna ƙara mata nauyi, abin na ci mini rai. A yi addu'a, a kuma kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna. Maganin yakan ɗauki makonni kafin ya kama, kada ta daina sha. Idan ta ambaci kashe kanta, a kai ta yau ɗin nan.